Tambaya da Amsa: Jona Wayar Hannu da Layin Wayar Girke Ta Hanyar Intanet

Wasiƙun da suka taru a wannan wata sun karkata ne ga batu guda, wato 'yar na'urar nan da ake kira adafta, wadda ke shiga tsakanin tsohuwar wayar girke da intanet. Mun taƙaita wasu daga cikin wasiƙun saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Birmingham ce a Ingila, kuma shekara goma sha takwas ke nan ina sayar da atamfa da leshi da shadda daga gida. Abokan cinikina, musamman dattawan mata, lambar wayar girke ta gidana suka sani, wasu ma sun haddace ta. Duk shekara nakan zo Kano in yi wata biyu ko uku ina sarin kaya da ganin dangi, sai wayar ta yi ta ƙara a falo babu mai ɗauka. Ɗana ya sayo wata na'ura da aka ce za ta riƙa tura kiran zuwa wayata ta hannu ta intanet, ya jona ta a soket ɗin bango, amma ko motsi ba ta yi ba. A jikin kwalin an rubuta HT802. Shin na'urar ce ta lalace, ko kuwa abin ne ba ya yiwuwa? Daga wata Hajiya, Birmingham.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin yana yiwuwa, kuma na'urar da yaronki ya sayo lafiyarta ƙalau, sai dai an kawo miki mabuɗi ne alhali kwaɗo kike nema. Kafin komai, ki sa ya zare ta daga soket ɗin bango tun yau, don barin ta a wurin zai iya ƙona ta.

Ramukan da ake soka igiyar waya a jikin waɗannan na'urori iri biyu ne, kuma a ido ba a bambance su, sai an karanta ƙananan haruffan da ke ƙarƙashinsu. Na farko shi ne FXS, wanda aikinsa bayarwa ne. Shi yake tsayawa a madadin kamfanin waya: ya ba wayar tebur wutar da take aiki da ita, wadda kan kai kimanin bolt 48, ya samar da dogon sautin nan da ake ji idan an ɗaga kan waya, sannan ya turo wuta mai ƙarfi da ke kaɗa ƙararrawa idan kira ya shigo. Na biyu shi ne FXO, wanda aikinsa karɓa ne. Shi yana kwaikwayon wayar tebur ne da hannun mai ita, wato ya ji ƙara, ya ɗaga, ya danna lambobi, ya ajiye. Soket ɗin bangonki mai bayarwa ne, ita kuma HT802 ta kamfanin Grandstream ramukanta biyu duk masu bayarwa ne, saboda haka da yaronki ya jona su sai aka haɗa mai talla da mai talla, kowa yana miƙa hajarsa, babu mai saye. Abin da bukatarki ke nema shi ne adafta mai ramin FXO. A cikin waɗanda aka sani akwai HT813 ta wannan kamfanin, mai rami ɗaya na kowane iri, da SPA3102 da aka sayar da sunan Linksys daga baya kuma Cisco, da OBi110. Biyun ƙarshe an daina ƙera su, sai dai a samu na hannu. Ki tuna kuma cewa kan igiyar waya na Ingila ya bambanta da wanda ke shiga jikin adafta, don haka akwai bukatar igiya mai kai iri biyu.

Ga yadda kira zai yi tafiya idan an daidaita komai. Abokiyar cinikinki ta buga lambar gida, layi ya kaɗa, ramin FXO ya ji wutar ƙararrawa, sai na'urar ta aika saƙo ta intanet zuwa manhajar da ke cikin wayarki, da wani yaren na'urori mai suna SIP, wanda aka tsayar da sigarsa ta yanzu a 2002. Da kin amsa a Kano, na'urar za ta ɗaga layin a Birmingham, ta riƙa yayyanka muryar mai kira zuwa ƙananan ƙunshi, kowanne na milisakan 20, wato ƙunshi 50 a kowane sakan, tana aiko miki, taki muryar kuma tana komawa ta wannan hanya. Idan ke ce mai kira, kin danna lamba a manhajar, na'urar ta ɗaga layin gida ta buga a madadinki, wanda aka kira ya ga lambar gidanki, kamfani kuma ya caje ki kamar kina zaune a falonki. Manhajojin da ke jin wannan yare sun haɗa da Zoiper da Linphone da Groundwire. A da wayoyin Android suna zuwa da shi a cikinsu tun daga 2010, amma an cire shi a Android 12, shi ya sa yanzu sai an sauke manhaja.

Duk wannan mai sauƙi ne muddin wayarki da adaftar suna kan Wi-Fi ɗaya a cikin gida. Wahalar tana farawa ne da zarar kin fita ƙofa. A wajen intanet, gidanki kamar babban gidan gandu ne mai zaure ɗaya: duniya ta san adireshin zauren kawai, ba ta san ɗakunan ciki ba, kuma rautar gidan, wato na'urar da ke rarraba intanet, ita ce dattijon da ke zaune a zauren, ba ya barin baƙo ya wuce sai in wani na ciki ne ya aika a kira shi. A ɓangarenki ma haka ne, ko ma fiye, domin kamfanonin wayar salula sukan tara dubban masu waya a bayan adireshi guda. Sakamakon da aka fi gani shi ne waya ta yi ƙara, ki ɗauka, ki riƙa jin mai magana ita ba ta jin ki, ko kuma kiran ya yanke da kansa bayan kamar rabin minti.

Wasu za su ce wa yaronki ya buɗe ƙofa mai lamba 5060, wato mashigar da saƙon SIP ke bi, a rautar kawai, kowa ya huta. Kada ya yi, kuma dalilin yana cikin amsar tambaya ta ƙarshe a wannan fili. Hanya mai kyau ita ce ko dai a haƙa keɓaɓɓiyar hanya ta VPN, irin su WireGuard, daga wayarki zuwa gida, ta yadda wayar za ta zama tamkar tana cikin falo, ko kuma a buɗe asusu biyu a wajen wani kamfanin kiran intanet, ɗaya na adafta ɗaya na wayarki, su riƙa haɗuwa a can kamar mutum biyu da suka yi alkawarin gamuwa a shagon wani. Don yin kira zuwa waje, VPN ta wadatar. Don karɓar kira kuwa, wanda shi ne ainihin damuwarki, na fi son ta biyun, saboda wayoyin zamani sukan kwantar da duk manhajar da ba a taɓa ba don tattalin batir, kuma manhajar da ta yi barci ba ta jin sallama. Masu manhaja irin su Groundwire suna da na'urar da ke tsayawa gadi a madadin wayarki ta tashe ta idan kira ya zo, amma wannan mai gadin ba zai iya shiga ta VPN ɗin gidanki ba.

To, bayan duk wannan bayani, ga shawarar da zan ba 'yar'uwata da ita ce ta tambaye ni: kada ki sayi sabuwar adafta tukuna. Ingila tana kan rufe tsohon tsarin wayar girke baki ɗaya. An fara sa ranar ƙarshen 2025, sannan aka ɗaga zuwa ƙarshen Janairun 2027, kuma tun Satumbar 2023 aka daina sayar da sababbin layuka na tsohon tsari. Ke nan layin da kike son gina gada zuwa gare shi, shi kansa ana shirin mayar da shi kan intanet. Abin da ya fi shi ne ki nemi a mayar da lambarki kacokan zuwa wani kamfanin kiran intanet da ke ba abokan hulɗa bayanan shiga na SIP. Idan aka yi haka, lambar ba ta ƙara zama a cikin igiyar bango ba, sai ta koma hannun kamfanin, shi kuma ya riƙa kaɗa duk na'urorin da kika yi wa rajista a lokaci guda. A nan ne kuɗin yaronki zai fito, domin HT802 aikin da aka ƙera ta dominsa ke nan: a jona ta da rauta, a soka tsohuwar wayar tebur a jikinta, ta yi ƙara a falo a daidai lokacin da wayarki ke ƙara a Kantin Kwari. Sai dai ki tambayi kamfaninki na yanzu kafin ki sa hannu, domin a wasu yarjejeniyoyin ɗauke lamba yana soke intanet ɗin da ke kan layin. Ki sani kuma cewa irin wannan waya tana mutuwa idan aka ɗauke wuta, ba kamar tsohuwar ba wadda kamfani ke ciyar da ita da tasa wutar, sannan idan kika buga 999 daga manhajar kina Kano, jami'an agaji na Ingila za ki samu, su kuma adireshin Birmingham za su gani. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, kuma da layin salula na gida ake kiran ta.

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya haura shekara tamanin, idanunsa sun yi rauni, kuma ya ƙi sabawa da shafa gilashin waya. Kullum cewa yake a dawo masa da irin wayar da yake da ita a ofis a da, mai igiya da manyan madannai. Ƙannena da ke waje ta WhatsApp suke kiran sa. Akwai adaftar da za ta sa kiran WhatsApp ya kaɗa wayar tebur? Daga wani ɗan'uwa, unguwar Gwammaja, Kano.

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ba ku ladan kula da shi. Bukatarku kishiyar ta Hajiyar Birmingham ce, domin ita tana da layi tana neman kai shi ga wayar hannu, ku kuma kuna da wayar hannu kuna neman kai ta ga wayar tebur. Wayar da Baba ke kewa ta zamanin NITEL ce, lokacin da lambobin Kano ke farawa da 064, na Kaduna da 062, kuma layukan da ke aiki a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba kafin zuwan salula a Agustan 2001. Waɗannan igiyoyi ba su ƙara dawowa unguwanni ba, saboda haka adafta mai ramin FXO ba ta da abin da za ta kama a gidanku.

Adafta ta SIP ba za ta karɓi kiran WhatsApp ba. WhatsApp rufaffen gida ne mai nasa yaren, kuma muryar da ke tafiya a cikinsa a kulle take daga waya zuwa waya, babu inda na'urar waje za ta tsoma baki. Abin da ke iya yin aikin shi ne wata na'ura daban mai amfani da Bluetooth, irin su XLink da Cell2Jack, wadda ke gabatar da kanta ga wayar hannu a matsayin abin saƙalawa a kunne, a ɗaya gefen kuma tana da ramin FXS da za a soka wayar tebur. Sai a ajiye wayar hannun Baba a kusa da ita a kan caji, ya daina taɓa ta ma gaba ɗaya. Kiran layi na yau da kullum yana kaɗa wayar tebur ba tare da gardama ba. Kiran WhatsApp kuwa ya danganta da irin wayar hannun, domin wasu suna miƙa shi ga Bluetooth kamar kowane kira, wasu kuma sai an amsa a kan gilashi sannan murya ta koma can. Saboda haka ku gwada da ainihin wayar Baba kafin ku biya kuɗi, ko ku yi sharaɗin mayarwa da mai kaya.

In kuwa ba a samu wannan ba, akwai hanyar da ta fi araha a kasuwanninmu, wato wayar tebur mai cin layin salula kai tsaye, ko rautar 4G mai ramin waya a bayanta, kamar Huawei B315. Waɗannan kiran layi kawai suke karɓa, sai a roƙi ƙannen su riƙa kiran lambar Baba kai tsaye ta manhajojin da ke sayar da mintuna masu rahusa zuwa Najeriya. Za su ɗan kashe kuɗi, amma dattijo zai ɗaga kan waya ya ce "salamu alaikum" yadda ya saba tun yana aiki.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a ofishinmu da ke Yamai muna da layin girke mai farawa da 20, kuma na jona shi da SPA3102 don maigida ya riƙa amsa kira daga wayarsa idan yana Maraɗi ko Damagaram. Yana aiki, amma matsala biyu sun hana mu sakat. Ta farko, maigida yana jin muryarsa tana dawo masa. Ta biyu, wani lokaci bayan an gama magana layin yakan zauna a ɗage, duk wanda ya kira sai ya ji ana kan magana, har sai na zare wuta na mayar. Daga wani akawu, Yamai.

Amsa: Malam akawu, ka yi ƙoƙari da ka kai nan, kuma matsalolin biyu duk tushensu ɗaya ne: na'urar ta fito daga masana'anta da saitin Amurka, kai kuma ba a Amurka ka jona ta ba.

Amsa-kuwwar tana fitowa ne daga yanayin igiyar kanta. Layin girke silin tagulla biyu ne kacal, kuma muryar mai magana da ta mai sauraro duk a kansu suke tafiya a cakuɗe, alhali a intanet kowace murya da hanyarta. A wurin da adafta ke raba su, wani ɓangare na muryar maigida yakan tsallaka ya dawo. Wannan tsallake yana nan tun zamanin da, amma a tsohuwar waya yana dawowa nan take, kunne ba ya ɗaukar sa a matsayin wata murya daban. Intanet ce ta ƙara masa jinkiri har ya zama kamar mutum na magana a bakin rijiya. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150 in ana son hira ta tafi daidai, amma amsa-kuwwa takan fara damun mutum tun kafin a kai rabin haka. Maganin yana cikin shafin saitin layin: akwai wurin zaɓen turjiyar layi, wanda ke zuwa a kan om 600, sai ka gwada sauran zaɓuɓɓukan, musamman na ƙasashen Turai, ɗaya bayan ɗaya kana kira kana saurare. Bayan nan ka rage ƙarfin sautin da na'urar ke turawa cikin layi da maki biyu ko uku, domin duk abin da aka tura da ƙarfi da ƙarfi yake dawowa. Ka tabbata kuma babu wata tsohuwar na'urar fas ko wayar da ba a amfani da ita a maƙale a kan layin.

Matsala ta biyu ni ma ta taɓa kwana da ni. Shekarun baya na haɗa wa wani ƙaramin ofis irin wannan na'ura ranar Alhamis da yamma, na gwada kira biyu, na karɓi kuɗin mota na tafi gida ina jin kaina gwani. Ranar Litinin da safe sai ga kira, wai tun Juma'a babu wanda ya same su. Da na isa na tarar da 'yar fitilar layin tana kunne, na ɗaga wayar tebur, sai na ji sautin nan na ɗit, ɗit, ɗit yana ta bugawa. Wani ne ya kira bayan an tashi, na'urar ta ɗauka, shi ya ajiye, ita kuwa ta tsaya riƙe da layi kwana uku tana jiran a sallame ta. Mutum idan ya ji wannan sauti ya san an ajiye, amma na'ura sai an gaya mata kamanninsa daidai. A Amurka sautin "ana kan magana" haɗin amo biyu ne, na hez 480 da na 620 (hez shi ne ma'aunin kaifin amo), rabin sakan a kunne rabin sakan a kashe. A Ingila amo ɗaya ne na hez 400, mai ɗan sauri fiye da haka. A Faransa 440 ne. Na'urar da ke jiran na Amurka za ta ji na wata ƙasa ta ɗauka surutu ne kawai.

Abin da na yi a ranar, kuma shi nake ba ka shawara, shi ne na kira layin daga wayata, na ɗauka a wayar tebur, na kashe daga tawa, sannan na kara kan wayar a makirufon kwamfuta na naɗi sautin da ya biyo baya. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ta nuna mini yawan amon da tsawon kowane bugu da tazarar da ke tsakani, na kwafe alƙaluman na zuba a gurbin sautin yankewa. Ka ƙara da kunna saitin da ke yanke kira idan aka yi dogon shiru, ya zama maka mafaka ta biyu. In ka ga kuma lambar mai kira ba ta fitowa a wayar maigida, to ciwon ɗaya ne: wasu ƙasashe suna aiko lambar tsakanin ƙara ta farko da ta biyu, wasu kafin ƙarar farko, don haka a zaɓi tsarin da ya dace, a kuma sa na'urar ta jira ƙara biyu kafin ta tura kiran.

Tambaya: Data nawa irin wannan kira yake ci? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Malama, ya danganta da yadda aka matse muryar. Tsarin G.711, wanda ba ya matsewa, yana cin kilobit 64 a sakan, idan aka haɗa da adireshin da ke kan kowane ƙunshi ya zama 80 a kowane ɓangare, wato kimanin megabayit 1.2 a minti ɗaya na hira. Tsarin G.729 yana matse ta zuwa kilobit 8, da adireshi ya zama 24, wato ƙasa da rabin megabayit a minti, sai dai muryar takan ɗan dusashe. Ba yawan data ne ke ɓata kira ba, rashin daidaiton sabis ne, domin ƙunshin da ya makara tamkar wanda ya ɓata ne, ba a jiran sa.

Tambaya: Oga, wani abokina ya ce in muka sayi irin wannan na'ura mai cin layukan salula da yawa, za mu riƙa karɓar kiran ƙasashen waje ta intanet muna saukar da su a matsayin kiran gida, ana biyan mu da dala. Jarin bai fi ƙarfina ba. Me ka gani? Daga wani matashi, Kaduna.

Amsa: Ƙanena, ka riƙe jarinka. Abin da abokinka ya kwatanta maka shi ne akwatin layuka da hukumomi ke farauta, kuma ko da yake a fasahance ɗan'uwan adaftar Hajiya ne, a shari'ance tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Hajiya layinta take amsawa, kiran da aka yi mata, a kan lambar da take biyan kuɗinta. Kai kuwa za ka riƙa sayar da hanyar shigo da kiran wasu mutane ne, ka kauce wa kuɗin da aka ƙayyade wa kiran ƙasashen waje, ka kuma ɓoye ainihin lambar mai kira, ta yadda wanda aka kira daga Landan zai ga lambar gida a wayarsa. Dokar sadarwa ta Najeriya ta 2003 ta hana gudanar da harkar sadarwa ba tare da lasisi ba, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta daɗe tana farautar masu wannan sana'a tare da kamfanonin waya, kuma tun daga Disambar 2020 da aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kowane layi da ka soka a akwatin yana ɗauke da sunan wani. Layin da ke kira dare da rana daga wuri ɗaya, ba ya karɓar kira, ba ya aika saƙo, ba ya motsi daga ƙarƙashin turken sabis guda, ba shi da wuyar ganewa ga kwamfutar kamfani.

Tun da ka kawo maganar masu neman kuɗi ta wannan hanya, bari in cika alkawarin da na yi wa Hajiya game da ƙofa mai lamba 5060, domin ya shafi Malam akawu ma. Akwai kwamfutoci a sassan duniya da ba su da aiki sai zagaya adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa wannan ƙofa, kuma duk wanda ya taɓa buɗe ta ya duba rajistar na'urarsa ya san ba a daɗewa kafin baƙi su fara zuwa. Idan suka tarar da adafta mai ramin FXO wadda aka bar ta da kalmar sirrin masana'anta, ko wadda aka saita ta ta ba duk mai sallama layi, sai su riƙa buga lambobin ƙasashen waje masu tsada waɗanda su ne ke cin kason kuɗinsu. Sun fi son ranar Juma'a da dare, don su samu kwana biyu babu kowa a ofis, kuma takardar kuɗin da sunan mai layi take zuwa, tun da daga layinsa kiran ya fita. Saboda haka duk mai irin wannan na'ura ya canza kalmar sirrin shiga shafinta a ranar da ya kunna ta, ya hana ta karɓar kira daga kowane adireshi in ba wanda ta yi rajista da shi ba, ya rubuta mata ƙa'idar bugawa da za ta ƙi duk lambar da ta fara da 00, sannan in ba ya bukatar kiran waje daga layin, ya je ofishin kamfanin wayarsa ya nemi a rufe masa shi daga can.

Sauran wasiƙu biyu da suka tambayi yadda za a kare adafta daga tsawa a lokacin damina, amsarsu gajeriya ce: igiyar waya ma tana ɗauko wutar tsawa kamar igiyar lantarki, kuma ramin FXO ne ke fara ƙonewa, don haka a sa mata 'yar na'urar kariya mai ramin waya tsakaninta da bango, in kuma hadari ya haɗu sosai a zare igiyar har ruwa ya ɗauke.